Kurege da Benen da Ya Tafi Shan Iska

To, ku matso ku yi shiru. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Wani Kurege aka yi, ana ce masa Na-Sani. Kome ka faɗa masa, kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani." Ko sallama ka yi masa, sai ya ce ya sani.

Ran nan ya kwashi gyaɗar mutane ya binne a gonar maƙwabcinsa, ya ɗare motar goro ta Bunsuru direba, wai zai je ganin Ankara, can bakin teku a ƙasar Gana. Aka yi ta tafiya, aka yi ta tafiya, har aka isa da hantsi.

Bunsuru ya ce, "Malam Kurege, ana kiran la'asar zan tashi. Daga wannan sawu kuma sai bayan damina. Hanyar dawowa nan kuwa..."

Kurege ya ce, "Na sani."

Kun ga in mota ta bar shi, ruwa zai sauka, gyaɗar nan ta tsiro, ta zama ta mai gona. Wannan kam da gaske ya sani. Sai ya yi abin da mutumin daji ke yi in zai bar wuri, ya nemi shaida. Ba kuka, ba suri, ba dutse. Amma dab da tasha ga wani ƙaton farin bene a bakin ruwa, hayaƙi na tashi ta samansa. Ya ce, "Yauwa, ga shaidata. Wannan ko giwa ba ta ture shi."

Ya ɗaga wutsiya, ya shiga gari a ƙafa. Ya ga benaye sai da wuyansa ya ƙage. Ya ga hanya a kan hanya, motoci na gudu a saman 'yan'uwansu. Ya iske wani mutum-mutumi a kan dakali, ya durƙusa ya gaishe shi har da tambayar iyali. Shiru. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Na sani, kurma ne."

Sai ƙamshi ya kama shi ta hanci. Ga soyayyar ayaba, ga gasasshen kifi. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma ya nuna da yatsa ya ce, "Ɗanɗano!" Ya ɗanɗana nan, ya yatsine fuska, ya yi gaba. Ya ɗanɗana can, ya yatsine fuska, ya yi gaba. Ja'irin! Lungu ya ba shi lungu, kwana ta ba shi kwana, har rana ta karkata.

Ya gangaro bakin teku ya kurɓi ruwa, ya tofar. "Tir! Wace ce ta zuba gishiri haka?" Sannan ya ɗaga kai neman benensa. Ya duba dama, babu. Ya duba hagu, babu. Can tsakiyar ruwa ya hango shi, yana tafiya abinsa, yana kuka buuu! Ashe jirgin ruwa ne.

Nan fa tsoro ya kama Kurege sosai, wutsiya ta faɗi ƙasa. Yana cikin bulayi sai ya ji an ce, "Ga goro, ga na ci!" Hausa tsantsa! Wani tsohon Gafiya ne mai sayar da goro, shekararsa arba'in a Zango, unguwar Hausawan garin.

"Salamu alaikum, Baba."

"Maraba da mutanen gida! Bismilla, ga tuwo."

Ku ji fa, lokaci na ƙurewa, amma sai da ya side kwanon nan tas. Ya buɗe baki zai ce ya ɓata, sai ya fasa. Na-Sani ya tambayi hanya? Haba! Sai ya ce, "Baba, zan koma."

"To, bari in taka maka."

Kurege ya ce a ransa, shi ke nan, rakiya ta cece ni. Ya riƙa satar kallon ƙafar Baba yana bi. Baba kuwa, da yake mai rakiya ba ya tambayar baƙo inda za shi, ƙafar Kurege yake bi. Wannan na bin wannan, wancan na bin wancan, har suka faɗa wani shataletale. Suka zaga. Suka sake zagawa. A zagaye na uku Baba ya ce, "Ɗana, kamar mun wuce mai kifin can ɗazu."

"Na sani."

Sai ga ladan ya gyara murya. Kurege ya yi tsaye cik, ya girgiza kai, ya ce, "Ashe gaskiya suka faɗa."

"Su wa?"

"Mutanen gida. Cewa suke 'yan Zango sun ci kifi har sun mance hanyar gida, ko tashar motar goro ba mai iya nunawa. Na yi musu, na ce bari in gwada. Ga shi sau uku muna zagawa."

Gashin bakin Baba ya miƙe. "Ni? Ni da na sauke buhu a tashar nan tun ba a haifi uwarka ba? Biyo ni!"

Tsoho ya zura da gudu, ta kwata, ta ƙarƙashin gada, ta bayan masu kifi, Kurege na biye yana cewa, "Anya, Baba? Anya?" Sai ga su a tasha, mota har ta fara mirginawa. Kurege ya yi tsalle ya maƙale a buhu.

Baba na haki ya ce, "Ka faɗa musu! Nan ce tasha ko ba nan ba?"

Kurege ya ɗago hannu ya ce, "Na sani!"

Ya iso gida kwana ɗaya kafin ruwan fari, ya tone gyaɗarsa. Aka taru ana tambayarsa labarin birni, ya ce, "Gari mai kyau, sai dai gidajensu ba su da tarbiyya. Da azahar suke fita shan iska."

Ƙurunƙus kan gafiya... a'a, a bar wa Baba kansa, ya yi rakiya. Ƙurunƙus kan kifin teku! In kun je birnin wasu kun yi shaida da bene, ku fara ɗaure shi da igiya.