Wutsiyar Kunamar Tasi'u

To jama'a, ku gyara zama. Kai mai danne-danne, ajiye wayar nan, labarin yau na irinku ne, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wata unguwa cikin birnin Kano akwai wani saurayi, Tasi'u, mai gyaran waya. Yaro ne mai faram-faram, in ya iso majalisa sai ta ɗau harama. Rannan yana dawowa daga kasuwa a babur, mota ta kwashe shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafafu sun tafi, aka sallamo shi a keken guragu. Da farko yakan fito ƙofar gida shan iska. To, duk wanda ya gifta sai ya karyar da wuya ya ce, "Wayyo Tasi'u, sannu, Allah ya sa kaffara ne." Tsoho sannu, yaro sannu, har mai tallan ƙosai sannu. Abin ya kai masa wuya. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa, damina ta zo ta wuce bai ƙara leƙa ko zaure ba. Mahaifiyarsa tun tana lallashi har ta koma kuka a ɓoye.

Ba shi da abokin hira sai wasan bidiyo. Akwai wani jarumi da yake ɗauka kullum a wasan, Gwarzon Rairayi. Daga ƙugu zuwa sama mutum ne, da sulke da hular ƙarfe mai rufe fuska. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kunama ce, wutsiya a lanƙwashe bisa kansa. Ba ya taka ƙasa da ƙafar mutum, amma ba mai iya tare masa hanya. Ba sai na gaya muku abin da ya sa Tasi'u ke sonsa ba.

Yana da yaya, Bara'atu, tela ce. Ita ta jiyo cewa za a yi taron masu wasan bidiyo a gari, inda kowa zai haɗa kayan jaruminsa da hannu ya sa, a yi gasa. Ta same shi ta ce, "Ƙanina, in na mai da kai mai wutsiyar nan, za ka fita?" Ya ce, "Yaya, in dai ba mai ganin fuskata, zan fita." Ya faɗa ne don ta ƙyale shi, ya manta wacece Bara'atu. Hotunan jarumin duk gaba suke nunawa, ita kuwa ta rantse ba ta sa almakashi a yadi ba ta ga bayan riga ba. Sai ta karɓi abin dannawar ta shiga koyon wasan. Ana kashe ta tana salati, tana tashi ana sake kashe ta, har dariya ta suɓuce wa Tasi'u, ta farko tun hatsarin. A haka ta iya juya jarumin ta ga bayansa. Ta auna ƙaninta a zaune, ta ɗage mayafin kayan ta baya don kada taya ta ci shi. Da mahaifinsu ya ce shirme ne, ba a gidansa ba, ita ta durƙusa gabansa ta ƙi tashi sai da ya ce a je a yi.

Sulke da wutsiya aka ba Sagiru mai walda, abokin Tasi'u tun suna wasan ƙasa, wanda shi kaɗai bai ɗauke ƙafa ba da sauran abokai suka watse. To, Sagiru ƙofofin gida yake ƙerawa, kuma a wurinsa aikin da jika ba zai gada ba ba aiki ba ne. Aka ce sulke, ya ɗauko ƙarfe na gaske. Aka ce wutsiya, ya narka mata rodi. Kyau kam ba a magana! Ranar gwaji aka fito da Tasi'u tsakar gida, aka ɗaura wutsiya a bayan keken. Sagiru na sakin hannu sai keken ya yi baya, Tasi'u ya kife rigingine, ƙarfe a ƙirji, a gaban mata da yaran gida, ya kasa ko juyawa. Bai ji ciwo ba, amma ana ɗaga shi ya ce a kai shi ciki. Ya koma ɗaki, wannan karon har da sakata. Sagiru ya kwashi kayansa yana share ido. Ya yi watsi da aikin mutane, ya farfasa abin da ya ƙera da hannunsa, ya sake ƙashin wutsiyar da siraran bututu marasa nauyi. Sannan ya yi wa keken ƙananan tayoyi ta baya, ya ɓoye su cikin ƙafafun kunamar, yadda ko da gangan ba ya kifewa.

Na uku shi ne Kawu Ɗanjuma, wan mahaifiyarsu, mai yin kushin ɗin motoci. Shi ne ma kan gaba wajen tsiya tun farko. "Tashe ba azumi ba? Gardi da gemunsa zai yi shigar dodo!" Amma ranar da ya tarar da ƙanwarsa zaune a bakin ƙofar ɗan nata, kwanon abinci a hannu ya huce, bakin tsiya ya mutu. Ya ɗebo soson katifa da ledar kujera da gam, ya sassaƙa sulke da hula, ya lulluɓe wutsiyar Sagiru gaɓa-gaɓa, ya fesa fenti. In ka gani sai ka rantse ƙarfe ne, in ka ɗaga kamar matashin kai. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, Tasi'u ya ce daga ciki, "Kawu, ka yi haƙuri. Faɗuwa ɗaya ta ishe ni."

Kun san abin da dattijon nan ya yi? Mutum mai jikoki, wanda ake matsa wa a sahun gaba, ya tuɓe babbar riga, ya sa sulke, ya kifa hula, ya zauna a keken ya ce, "Sagiru, tura." Da la'asar sakaliya suka zaga unguwa. Tasi'u ya ji ihu ya ɗaga labulen taga. Yara na bin su da gudu, mata na leƙowa ta katanga, samari sun ɗaga wayoyi, kowa na cewa a tsaya ya ɗauki hoto. Ga keke a fili kowa na gani, amma ba wanda ya karyar da wuya, ba wanda ya ce sannu. Kawu ya dawo jiƙe sharkaf da gumi, ya tsaya bakin tagar ya ce, "Har kwalbatin bakin masallaci muka hau, bai kife ba." Can sai aka ji an zare sakata. Tasi'u ya ce, "Kawu, ba ni hulata."

Ranar gasa, da aka turo Gwarzon Rairayi kan dandamali, wutsiya na rangaji bisa kansa, zauren ya kaure da tafi. Shi ya zo na ɗaya. Ba wanda ya ce ya cire hula, shi da kansa ya sa hannu biyu ya zare ta, ya dubi jama'a ido cikin ido yana murmushi. Wallahi ko ni da nake ba ku labarin, wurin nan yana taɓa min zuciya.

Sai alƙalin gasar ya miƙa masa makirufo ya ce, wanda ya ci zai tafi babban taro a Legas, kuma a ƙa'ida mutum ɗaya ne zai raka shi, wanda ya yi masa kayan. A faɗi suna. Tasi'u ya duba ƙasan dandamali. Ga Bara'atu tana goge ido da gefen mayafi, ga Sagiru ya sunkuyar da kai, ga Kawu yana ta gaya wa na kusa da shi cewa ɗan ƙanwarsa ne.

Kada ku yi garaje. Ba don Bara'atu ba, da maganar ba ta taso ba sam. Sagiru ya kayar da shi, gaskiya ne, amma a kan ƙarfensa wutsiyar ke tsaye, kuma tayoyinsa ne suka hana a sake faɗuwa. Kawu ya zo a makare, da baƙar magana ma ya fara, amma shi ya ajiye girmansa a titi har ƙofa ta buɗe.

Makirufo na hannun Tasi'u, jama'a na jiran suna. To, in ku ne shi, sunan wa za ku kira?