Dila da Dutsen Wanzami

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo ku ji ta, ko? To, za ta zo. Amma wanda ya yi wa Dila dariya ban yafe ba, don bawan Allah an zalunce shi. Shi ya zalunci kansa, na sani, amma ai zalunci zalunci ne.

Dila dai duk dajin nan ba mai haƙoransa. Farare tas, ga fiƙa kamar an fere ta. Kullum da asuwaki a baki, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya yi murmushi.

Ran nan ya bi ta rumfar Kurege wanzami, ya tarar ba kowa. Sai ƙanshin kitse ya daki hancinsa. Ya leƙa, ya ga wani abu baƙi mulmulalle yana ƙyalli. Ya ce a ransa, "Tsokar da ba mai tsaro ai ta mai rabo ce." Ya kai mata cizo da ƙarfinsa duka. Ƙaras! Ashe dutsen wasa aska ne, Kurege ya shafe shi da kitse.

Fiƙa ta tsage. Dila ya haɗiye ihunsa, ya arce.

To, mai gyaran haƙori ɗaya ne a dajin, shi ne mai dutsen. In ya je, ya tona kansa. In bai je ba, ga zogi. Dila ya zaɓi zogi.

Washegari suka haɗu a hanya. Kurege ya ce, "Malam, ina kwana? Yau ba murmushi?"

"Lafiya lau, Sarkin Aska. Tunani nake."

"To, in tunanin ya dame ka, ka biyo ta rumfa. Ina da kanumfari."

"Kanumfari kuma? Me zan yi da shi? Lafiya lau nake."

Kwana bakwai, kunci ya tasa. Kurege ya ce, "Malam, me ke kuncinka?"

"Goro ne."

"Goron nan tun shekaranjiya yake nan. Ka biyo ta rumfa."

"Daushe ne, ba ya saurin narkewa. Lafiya lau nake."

Da goro ya kai girman mangwaro, sai Dila ya naɗa rawani, ya ja amawali har hanci. Maƙwabciyarsa Kura ta kawo masa cinyar gada, ya dubi cinya, cinya ta dube shi. Ya ce, "Mayar da abinki, Kura. Na shiga wuridi, kwana arba'in ba cin nama."

Kura ta saki baki. Kafin azahar labari ya gama daji: Dila ya bar duniya. Aka daina aiko masa da ko ƙashi, don kada a ɓata masa ibada. Ya koma shan kunu a ɓoye, ƙugu ya zama kamar na zanzaro.

Ana nan, sai namun daji suka yi watanda, suka haɗu suka yanka ɓauna don a raba. Kura ta ce, "Wa zai kasa mana? A ba wanda ba ya ci, shi ne ba zai yi son kai ba."

Ku ji zalunci! Aka zaunar da mai yunwar wata guda gaban ɓauna sukutum. Yana kasawa, yawu na jiƙa amawali. Da ya zo kan hanta, haƙuri ya ƙare. Ya faki ido, ya cusa yanki ta ƙarƙashin rawani, ya tauna. Ya manta ɓangaren da ke ciwo ne.

"Wayyo Allah haƙorina!"

Ya yi tsalle, rawani ya warware, ga kunci kamar kabewa, ga hanta a baki. Kura ta faɗi tana birgima. "Alaramma, wuridin ke nan?"

Kurege bai yi dariya ba. Ya buɗe zabirarsa, ya ciro wani ɗan farin abu. "Malam, ga guntun fiƙarka. Tun ranar na tsince shi gindin dutsena."

"Ka sani? Ka sani ka bar ni?"

"Sau biyu ina kiranka. Da ka zo ran farko, kanumfari da ruwan gishiri sun isa. Da ka zo a mako, ɗaya zan cire. Buɗe mu gani." Ya leƙa, ya girgiza kai. "Yau huɗu."

Dila ya buɗe baki zai ce lafiya lau yake, sai ya fasa. Ya ce a hankali, "Taimake ni, Sarkin Aska."

Kura ta danne shi, Kurege ya sa awartaki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, har da fiƙar nan da ake zuwa kallo. Da aka gama, Kurar da ta yi masa dariya ita ta ɗauki kasonsa, ta dafa, ta daka a turmi, ta yi masa dambu. Ya ci yana hawaye, rabi na daɗi, rabi na fiƙa.

Har yau in an tambaye shi giɓin, sai ya ce wushirya ce, gadon gidansu. Amma in ya je rafi shan ruwa ya hango fuskarsa, sai ya rufe baki, ya daɗe a tsugune.

Ƙurunƙus kan dutsen wanzami! In za ku saci nama, ku fara lasa tukuna. In kuwa kun riga kun ciza, ku yi ihunku tun yana haƙori ɗaya.