Takardar Ramlat

Akwai wani bawan Allah mai suna Tajuddeen, mazaunin ƙauyen Gidan Kanya da ke kusa da Makoda. Sana'arsa gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa.

Mahaifinsa Bayarabe ne, daga Ilori ya zo tun da ƙuruciya, kuma shi ya fara kawo injin niƙa ƙauyen. A nan ya tsufa, a nan aka binne shi. Shi kuwa Tajuddeen a Gidan Kanya aka haife shi, a nan ya yi allo da firamare. Yarabancinsa bai wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ilori ma sau biyu kacal ya taɓa zuwa.

'Yarsa Ramlat ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana son shiga makarantar koyon aikin jinya a Kano. Cikin takardun da ake nema akwai shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Da Tajuddeen ya je sakatariya, aka ce ya kawo takardar mai unguwa da shaidu biyu. Kwana goma suka rage a rufe karɓa.

Mai unguwa Nababa ya ce masa, "Wannan ai ba komai ba ne. Ka dawo gobe bayan la'asar."

Kafin goben, magana ta kai kunnen Hashimu.

Hashimu babban manomi ne, mai baki a gari. Ajinsu ɗaya da Tajuddeen a firamare. Ita ma 'yarsa Bilki wannan makarantar take nema, kuma ya ji an ce guraben da ake ba ƙaramar hukumarsu kaɗan ne.

Da Tajuddeen ya iso ƙofar gidan mai unguwa, sai ya tarar da mutane sun fi goma a kan tabarmi. Ko gaisawa ba a gama ba Hashimu ya ɗauko zance.

"Mai unguwa, ni ban ce Tajuddeen mutumin banza ba ne. Amma takardar nan ta 'yan ƙasa ce. Su suna da garinsu. In an ba 'yarsa gurbi, 'ya'yanmu su je ina?"

Wasu suka gyaɗa kai.

Tajuddeen ya ce, "Hashimu, benci ɗaya muka zauna da kai. In na je Ilori, wa ya san ni? Can cewa suke ga Bahaushe ya zo."

"Wannan kuma matsalarka ce," in ji Hashimu.

Mai unguwa ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ba ya son ɓata wa Hashimu. Sai ya ce a bari ya yi shawara tukuna.

Tajuddeen ya miƙe. Ya sa takalminsa ya tafi. A gida ya tarar da Ramlat a bakin ƙofa tana jira.

"Baba, an sa hannu?"

"Ba a sa ba tukuna. Ki ci gaba da karatunki."

Ta juya ta shiga ɗaki. Yana jin kukanta ta bayan labule.

Kwana huɗu ana ja masa rai. A rana ta biyar aka sake zama, jama'a sun fi na farko yawa. Hashimu na tsakiyar magana sai ga wata tsohuwa ta fito daga zaure tana dogara sanda. Inna Hure ce, gwaggon mai unguwa. Ta haura tamanin, kuma ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin mazan da ke zaune a wurin.

"Nababa, ku ba ni wuri. Na ji ana rabon 'yan gari da baƙi, na ce bari in zo in ji a ina aka sa ni, don uwata Bagobira ce."

Aka yi 'yar dariya. Ta zauna a bakin dakali.

"Tajuddeen, ni na yanke cibiyarka. Da hannuna na binne mahaifarka a bayan ɗakin uwarka. Kai kuma Hashimu, ka san daga ina kakanka ya zo?"

Hashimu ya ce, "Inna, mu ai nan muka tashi muka ga iyayenmu."

"Kai dai ka tashi ka gani. Ni na ga ranar da suka iso. Shekarar yunwa ce, ina 'yar yarinya. Daga Damagaram ya taho da jaki ɗaya, matarsa na goye da ubanka. Ƙafafunsa duk sun kumbura. Babana ya sauke su a zauren nan, aka dama musu kunu. Gonar da kake taƙama da ita ta bakin kwari, babana ne ya yankar masa. Babu wanda ya ce ya koma garinsu."



Ta juya kan mai unguwa. "Kai ma kakanka na wajen uwa da shanu ya gangaro daga wajen Shanono. In tonawa za a yi, ku ce a tona, ina da sauran hankalina."

Hashimu ya miƙe, fuska a murtuke, ya hau babur ya tafi ko sallama babu. Mai unguwa kuwa a take ya sa hannu. Liman ya zama shaida na farko. Na biyun ne ya gagara, don kowa na tsoron shiga tsakani.

Hashimu bai zarce gida ba. Wurin ƙanin mahaifinsa ya nufa, wani dattijo da ciwon ƙafa ya kwantar. Ya tambaye shi ko gaskiya Inna Hure ta faɗa.

Dattijon ya ce, "Gaskiya ne. Har babanmu ya rasu yana yi wa mutanen garin nan addu'a. Cewa yake da sun kore shi, da a hanya za su ƙare. Mu ne dai ba mu ba ku labari ba."

Washegari da hantsi Tajuddeen na tsugune yana kwance wani inji, hannu duk baƙin mai, sai ga Hashimu ya tsaya da babur. Ya sauko ya matso kusa da shi.

"Wanke hannunka ka ɗauko takardar. Ni zan yi shaida na biyu."

Tajuddeen ya dube shi. "Bilki fa?"

"Abin da Allah ya rubuta mata ba zai wuce ta ba. Ka yafe mini abin da na faɗa."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

A sakatariya ma'aikacin ya tambayi Hashimu shekara nawa ya san mai neman takardar. Ya ce, "Tun muna yawo ba wando." Ma'aikacin ya yi dariya ya buga hatimi. Saura kwana uku a rufe karɓa Ramlat ta miƙa takardunta.

Bayan wata biyu sunaye suka fito. An ɗauki Ramlat. Ba a ɗauki Bilki ba.

Nan fa gari ya zuba ido. Har wani ya tare Hashimu a bakin masallaci ya ce, "Ka gani ko? Da hannunka ka ba da gurbin 'yarka."

Hashimu ya ce, "Jarrabawa aka yi, yarinyar ta fi ta maki. Kuma wadda aka ɗauka 'yar Gidan Kanya ce."

Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba. Ya zauna ya lallashi Bilki, ya ce ta sake shiri. Ranar da Ramlat za ta tafi, shi ya aiko mata da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma Bilki ce ta raka ta har tasha.

Duk hutun da Ramlat ta dawo, sai ta kwaso littattafanta ta nufi gidan Hashimu, su zauna da Bilki a tsakar gida suna bita. Da shekara ta zagayo Bilki ta sake zama jarrabawa, Allah ya ba ta sa'a. Ranar da Hashimu ya kai ta Kano, Ramlat ce ta tare su a bakin ƙofar makaranta da farin kayanta, ta karɓi akwatin daga hannunsa.

"Baba, ka koma hankalinka kwance," in ji ta. "Ɗakinmu ɗaya."

Darasi: Kafin ka ce wa wani baƙo ne, tambayi tsofaffin gidanku yadda naku suka iso. Yawancinmu wani ne ya buɗe wa kakanninmu ƙofa har muka zama 'yan gari. Wanda aka haifa a cikinku, ya yi farin ciki da baƙin ciki tare da ku, naku ne ko da wane yare kakansa ya yi. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai mai riƙe da takardar wani a hannunsa yau.