Birkin Bube da Hajjin Malam Jumare

Akwai wani direba a Kebbe mai suna Bube, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, shekara biyu da samun 'yancin kai. Da jakai ya fara sufuri kafin Allah ya ba shi akori-kura mai shan gas. Tun daga ranar kansa ya kumbura, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Yana da wata al'ada tun ta zamanin jakai. In ya dawo daga tafiya ƙafafun motar sun ɗau zafi, sai ya sheƙa musu ruwan randa. Ƙarfe ya yi cuuu, gogan naka yana murmushi wai ta huce.

A shekarar ne mahaifinsa, Malam Jumare, ya samu tafiya Makka bayan ya tsufa da wannan buri. Ranar Asabar za a kwashe maniyyata daga Tambuwal. Bube ya rantse ba mai kai tsoho sai shi.

Sai birki ya fara iya shege. In ya taka, motar ta kama ta saki, ta kama ta saki, fasinja suna gwara kai. Ranar Alhamis ya kai ta wurin Namadi bakanike a Tambuwal.

Namadi ya hau, ya taka a hankali, ya ji birkin yana ture masa ƙafa. Ya duba man birki, cike yake. Ya ɗaga motar ya kwance ƙafar gaba, ya kafa gawayi jikin kwanon ƙarfen da birki ke kamawa, ya juya shi. Gawayi ya zana gefe guda, ya tsallake guda.

Ya ce, "Bube, kwanon ga ya karkace. Ruwa kaka zuba mishi da zafi?"

"Ni nika kula da ita, ni nas san ta."

"Bar ta nan kwana ukku in samo wani Sakkwato. Tsoho shi bi wata mota."

Bube ya harare shi. "Ubana shi hau motar wani ina da tawa? Mutanen Kebbe su ce mi? Ɗaure min ƙafata, malam."

Namadi ya ɗaure masa ƙafar. Kaico!

Asabar da safe tsoho ya shiga gaba cikin farar riga, jaka a cinya, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Saura kaɗan su shiga Tambuwal, a wani gangare, sai ga garken shanu yana tsallaka hanya. Bube ya taka. Motar ta saki, ta fizga, ta faɗa rami. Tsoho ya bugu da ƙofa, ƙugunsa ya karye.

A zauren mai ɗori aka kwantar da shi. Daga nan suka jiyo kabbarar masu rakiya a tasha.

"Bube, sun tashi?"

"Sun tashi, Baba."

Tsoho ya ga Bube yana kuka. Sannan ya ce, "Bar kuka. Allah na bai kira ni ba."

Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi wa Bube sauƙi, don shi ya san abin da aka faɗa masa ranar Alhamis.

Malam Jumare bai sake taka ƙasa ba. Kafin hajjin baɗi aka kai shi makwancinsa.

Darasi: In masani ya nuna maka matsala, ajiye girman kai ka saurara, domin sau da yawa wanda ka fi so ne zai sha wahalar taurin kanka. Ku tura wa duk direban da kuka sani.