Iskar da Ta Shiga Kuloci

Akwai wani manomin tumatir da ake ce da shi Baban Liyatu. 'Ya'yansa sun girma sun tafi birni, ya rage daga shi sai matarsa sai wata tsohuwar bas. Da bas ɗin nan yake kai tumatir kasuwa kowace Laraba, matarsa na zaune a gefensa.

Wata Laraba ya gama ciniki, ya ta da mota, ya kama hanyar gida yana rera waƙoƙin sujada. Sai da ya iso ƙofar gida ya ce, "Maman Liyatu, sauka ki buɗe mana," sa'an nan ya ga babu kowa a kujerar. Ashe ya baro ta a kasuwa wurin masu manja. Da yamma ta iso a bayan motar albasa, tana zaune a kan buhu. Da ya gan ta, maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya ce, "To, ai ga shi kin iso."

Tun daga ranar ba ta ƙara ce masa uffan ba. Shi ma ya ce a ransa ba shi zai fara ba. In ta gama tuwo sai ta dubi kajin gidan ta ce, "Ku gaya wa mai mantuwa abinci ya sauka." Shi kuma ya ce wa kajin, "Ku ce an gode." Kwana shida kajin nan suna aikin manzanci.

Ran Talata aka tsinke tumatir kwando ashirin, jajaye, waɗanda ba za su jira wata Laraba ba. Mutumin ya shiga bas don ya matso da ita kusa da kwandunan. Da ya taka kuloci sai fedar ta tafi ƙasa laƙwas, kamar ya taka nunanniyar gwanda. Ya tura giya, ta yi ƙarrr, ta ƙi shiga.

Ya duba ɗan kofin man da ke gefen sitiyari, ya ga ya bushe. Ya shiga ƙarƙashin mota yana bin bututun da yatsa, har ya kai wurin kulocin ƙasa, ya tarar da shi jiƙe sharaf. Robar ciki ce ta cinye, man yana yoyo. Ya hau keke ya tafi wurin Habila makanike, ya same shi zaune da gurɗaɗɗiyar ƙafa a ɗaure.

Habila ya ba shi sabuwar roba da gwangwanin man birki, wanda shi ake zuba wa kuloci, ya ce, "Baba, in ka sa robar, kada ka ce ka gama. Iska ta riga ta shiga bututun. Mai in an danna shi yana tura ƙarfe, iska kuwa sai ta matse kawai, ba ta tura komai. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. Ɗaya a sama yana taka feda ya riƙe, ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan notin fitar da iska da ke jikin kulocin ƙasa ya sake ɗaurewa. Dole su riƙa magana. In na sama ya saki kafin na ƙasa ya ɗaure, iskar za ta koma. Ai Mama na gida, ko?"

"Tana nan," in ji shi, ya hau kekensa.

Ya sa robar, ya cika kofin da mai. Maƙwabta duk suna fadama. Sai ya ce zai yi aikin mutum biyun shi kaɗai. Ya lallaɓa bayan ɗakin girki ya ɗauko taɓarya. Ya taka feda, ya tokare ta da taɓaryar a jikin kujera, ya ruga ƙasa ya kwance noti. Taɓaryar ta zame, fedar ta taso, bututun ya zuƙi sabuwar iska. Ya sake. A karo na uku taɓaryar ta faɗa kan ham, motar ta ɗau kuka, kaji suka watse, shi kuma ya zabura ya buga goshi da ƙarfe.

Kukan ham ne ya fito da Maman Liyatu, wadda dama take neman taɓaryarta. Ta dubi tumatir a inuwa ya fara laushi, ta dubi ƙafafun mijinta da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Ta cire taɓaryar, ta zauna a kujerar direba.

Mutumin ya ji motar ta ɗan lotsa, ya san ta zauna. Sai ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau ɗaya, wai ta taka. Ba ta taka ba. Ya ƙwanƙwasa sau biyu. Sai ya ji tana ce wa wata kaza, "Gaya masa ban yi makarantar sifana ba."

Ya yi gyaran murya ya ce, "Taka."

"Gaya masa sunana ba Taka ba ne."

Ya kwanta yana kallon ƙarƙashin mota, man birki na ɗiga masa a kumatu. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Maman Liyatu, na yi laifi da na baro ki a kasuwa."

"Wa ke magana? Ban ji ba, mota ta tare."

Ya ɗaga murya har mai wucewa a hanya ya juyo. "Na yi laifi! Na baro ki, kika hau buhun albasa, ban kuwa ba ki haƙuri ba! Ki yafe mini!"

"Kwana uku zanena yana warin albasa," in ji ta. "Na yafe. Sau nawa zan taka?"

Ta taka sau uku ta riƙe. Ya kwance noti, iska ta fito fush, da kumfa. Ya ɗaure ya ce, "Saki." Suka sake. A karo na huɗu ta ce, "Dakata, maigida, man kofin ya kusa ƙarewa." Shi daga ƙasa ba ya iya ganin kofin, da ba ta faɗa ba da aikinsu duka ya lalace. Ta ƙara mai, suka ci gaba, har man ya riƙa fitowa garau babu kumfa. Fedar ta yi ƙarfi, giya ta shiga ba gardama.

Washegari suka kai tumatir kasuwa. Da za su dawo, sai da ya dubi kujerar gefensa sau biyu kafin ya murɗa makulli.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Motar nan ita ce zaman tare, ko na aure, ko na maƙwabtaka, ko na ikkilisiya. Yoyon shi ne laifin da aka yi. Iskar kuwa ita ce fushin da ya shiga ta wurin yoyon ya zauna. Ba a ganinsa. Ana dafa tuwo, ana zuwa sujada, amma ranar da aka ɗora kaya, sai a taka a ji babu ƙarfi. Taɓaryar ita ce dabarun da muke yi don kada mu buɗe baki, kamar aike, da kyauta, da yin kamar ba abin da ya faru. Maganar Allah ta gargaɗe mu kada mu bar fushi ya kwana, domin shi ma fitar da shi aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya sauka ƙasa ya ce, "Na yi laifi," ɗaya ya ce, "Na yafe," ya kuma sa ƙafa a aikin. Haka Ubangiji yake yi da mu in mun tuba.

Saboda haka kowa ya duba kujerar gefensa yau. In akwai wanda ka baro a kasuwa, kada ka aiki kaji. Je ka da bakinka.