Mutumin da Ya Kira Kansa Ba-Tsoro

An yi wani mutum a nan Azare, ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya. Taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwa. Mai sanyin murya ne, ko ɗan acaɓa ya take masa ƙafa, shi ke ba da haƙuri.

Sai ya buɗe shafi a Fesbuk, ya sa hoton damisa, ya kira kansa Ba-Tsoro. Daga ranar bakinsa ya buɗe. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da dattijo ya koma zagin dattawa da sunayen iyayensu. Matasa suna ta yi masa kirari, shi kuwa yana zaune a bayan buhunan taki yana jin daɗi.

Akwai wata baiwar Allah, Hajiya Kaltum, 'yar asalin Barno. Tun da mijinta ya rasu take sayar da abinci kusa da inda 'yan acaɓan Chinade ke tsayawa, da shi take riƙe marayunta. Wata rana mutumin nan ya je sayen abinci, ta ce masa a gaban mutane ya jira a sallami waɗanda suka riga shi. Ya yi murmushi ya ce, "To, Hajiya." Kafin la'asar Ba-Tsoro ya rubuta cewa naman jaki take zubawa a miya.

Ya 'yan uwa, wa ya bincika? Wa ya ce ina shaida? Kowa turawa ya yi. Ƙila har da wasu da ke zaune a nan.

Aka daina zuwa rumfarta. Ta dafa ta zubar, har ta daina hura wutar. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya riƙe. Maƙwabta suka tafi dubiya, har da shi. Ya zauna a tabarma ya ce, "Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan." Kowa ya ce amin.

Bayan damina 'yarsa ta sauke Alƙur'ani. Don murna ya ɗauki hoto da ita, ya rubuta gayyatar walima har da kwatancen gida, ya tura. Bai lura a shafin Ba-Tsoro yake ba. Kafin ya goge, gari ya gani.

Ranar walima an shimfiɗa tabarmi, shinkafa ta huce a tukunya. Yarinyar ta zauna da allonta tana kallon ƙofa. Mene ne laifinta? Manoman Dambam da Hardawa suka koma wani shago. A masallaci, in ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu.

Ya je neman gafara. Umara, babban ɗan Hajiya, ya tare shi a zaure ya ce, "Malam, da wane suna ka zo, naka ko wancan?" Duk da haka ya shigar da shi. Mutumin ya durƙusa a gabanta yana kuka. Ta dube shi, leɓenta na motsi, ba a ji komai ba. Har ta koma ga Ubangijinta ba wanda ya san ko ta yafe. Shi kuma ya rufe shago ya bar gari.

Yanzu matasa suna tambayata, wai Malam, wannan jarumtar da ke zuwar wa mutum in ba a san shi ba, me za mu kira ta? Wani ya ce kurin labule, wani ya ce zarumtar waya. Yaran kasuwa kuwa tuni suka raɗa nasu, batsoranci, mai yin sa kuma batsoraci, su ce harafi ɗaya ya raba shi da matsoraci.

Ni dai na gaji da raɗin suna. Shekara nawa muna faɗa daga kan wannan mumbari? Abin nan yana da suna tun kafin a ƙera waya. Ƙazafi ne, giba ce, annamimanci ne. Ka ɓoye wa Azare, amma mala'ikun da ke kafaɗunka da sunanka na yanka suke rubutawa.

Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu da yatsunmu, ya jiƙan Hajiya Kaltum, ya shirya mu kafin mu tsaya a gabansa.