A Yi Mata Filashin

Akwai wani mai gyaran waya da kowa ke kira Auta. Ɗan shagonsa a ƙarƙashin wani bene yake, tebur ɗaya, benci ɗaya, sai kwalin fasassun sikirin. Hannunsa na da kyau, kuma ba shi da yawan magana.

Mijin yayarsa kuwa fenti yake sayarwa, amma in ana hirar waya sai ka rantse a ɗakinsa ake ƙera ta. Dangi suka laƙa masa Farfesa, bawan Allah ya ɗauka yabo ne. Wayarka na zafi? A yi mata filashin. Ba ta riƙe caji? A yi mata filashin. Ko a ruwa ta faɗa, maganin dai ɗaya ne. Abin takaicin, bai san ma'anar kalmar ba. Shi a ganinsa wanka ne ake yi wa waya ta fito fes da kayanta a ciki.

Wata rana a guruf ɗin unguwa wani ya nemi mai gyara na kirki, aka ambaci Auta. Farfesa ya turo saƙon murya na minti uku. Ya ce yaron bai iya komai ba sai canjin batir, kuma yana cire kayan asali ya sa jabu. Ya rufe da cewa ƙanin matarsa ne, ya san shi ciki da waje.

Mutane suka yarda, don wa zai yi wa ƙanin matarsa ƙazafi? Shago ya yi tsit. Har wani ya zo ya karɓe wayarsa a buɗe, yana ƙirga kusoshinta a gaban Auta.

Auta ya ajiye muryar nan, duk ranar da ya wuni ba ciniki sai ya kunna ta ya saurara. Haushin ya zauna masa a ƙirji, kullum ƙaruwa yake.

Bayan wata bakwai, sai ga Farfesa da hantsi, gumi sharkaf. Wayarsa ta maƙale a kan tambarin kamfani, ba gaba ba baya. Ya ajiye ta a tebur ya ce a yi mata filashin yanzu.

Kallo ɗaya Auta ya yi mata ya gane ma'ajiyarta ce ta cika, aikin minti goma ne. Kuma a ƙa'idarsa ba ya yi wa kowa filashin sai ya faɗa masa cewa komai zai goge. Ya tuna lambobin masu sayen fenti na shekara da shekaru duk a nan suke. Wani daɗi ya ratsa shi.

Ya ɗaga murya yadda mai shagon takalma da mai ɗinkin gefe za su ji.

"Yaya, filashin ka ce?"

"Filashin na ce. Ko shi ma sai na koya maka?"

Auta ya jona ta da kwamfuta, ya yi aikin tsaf, bai bar ko ƙura ba.

Da Farfesa ya kunna, waya ta gaishe shi kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ba lamba, ba hoto, ba saƙo. Ya hau kumfar baki. Auta ya bari sai da ya gaji, sannan ya ce abin da aka sa shi ya yi, ga shaidu. Ya ƙara da cewa ai bai zaci Farfesa guda bai san aikin filashin ba. Maƙwabta suka kwashe da dariya, mutumin ya fita yana tuntuɓe da bakin ƙofa.

Ranar Auta har waƙa ya yi yana share tebur.

Da la'asar yayarsa ta shigo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a benci ta tambaye shi ko akwai yadda za a dawo da abin da ya goge. Ya ce babu, yana ɓoye murmushi.

Sai ta ce kwana biyu kafin mahaifiyarsu ta rasu a asibiti, watanni huɗu da suka wuce, lokacin shi Auta ya fita sayen magani, Mama ta ce a ɗauki muryarta a ajiye wa Auta. Wayar yayar ba wuri, sai aka yi da ta mijinta. Ita kuma tana jira ne zuciyar Auta ta yi sanyi kafin ta kira shi ya ji.

Da ƙyar ya tambaye ta me Mama ta ce.

"Ban sani ba, Auta. Cewa ta yi naka ne kai kaɗai, ta sa duk muka fita."

Kwana uku shagon na rufe, yana ciki da wayar da yayarsa ta kawo masa, yana gwada duk dabarar da ya sani. Ko sakan ɗaya bai samu ba, domin shi ya yi aikin da hannunsa, kuma ya iya aikinsa.

Darasi: Kada ka ɓata sunan mutum a kan abin da ba ka sani ba. Kai kuma da aka ɓata wa, kada ka rama da amanar da aka damƙa maka, don ba ka san abin da ke cikinta ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na gab da ramawa a yau.